Yadda ake saita tarihin aron littattafai a laburare ba tare da an tona asirin mai karatu ba

Tambayoyi biyu ne ke yawan zuwa teburin aro, kuma duk wanda ya daɗe a bakin aikin laburare ya san su. Ta farko daga mai karatu take fitowa. Ya ɗauko littafi, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Don Allah duba min, na taɓa aron wannan?" Ko ɗaliba ta zo hankali a tashe tana neman sunan wani littafi da ta ara bara, ta ciro magana daga cikinsa, yanzu ta manta inda ta samo. Ta biyun kuwa wani ne daban ke kawo ta: uba yana son sanin abin da 'yarsa ke karantawa, miji ko mata na bin diddigi, shugaban wurin aiki, ko jami'in tsaro riƙe da katin shaidarsa.

Abin da ke ɗaure kai shi ne rubutu ɗaya ne ke amsa su duka. In kun ajiye shi don ku taimaki na farko, to kun ajiye wa na biyu. In kun goge don ku toshe na biyu, na farko ya tafi hannu rabbana.

Ɗakunan karatu da yawa suna bin hanya mafi sauƙi, ko dai su bar komai yadda manhaja ta zo da shi har shekaru su taru, ko su goge komai su ce wa mai tambaya "ba ma ajiyewa". Ni a ganina duk biyun yanke wa mutum hukunci ne ba tare da an tambaye shi ba. Buƙatar laburare ta sanin wanda ya ari littafi tana ƙarewa ne ranar da littafin ya dawo lafiya. Daga nan tarihin ya zama kayan mai karatu: in yana so a ajiye masa, in ba ya so a raba sunansa da littafin. Matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su. Misalai na ɗauko daga manhajojin tafiyar da laburare guda biyu, Koha, wadda aka fara rubutawa a 1999 don ɗakunan karatun Horowhenua a ƙasar Niyu Zilan, da Evergreen, wadda ta fara aiki a jihar Jojiya ta Amurka a 2006, saboda buɗaɗɗu ne, kowa na iya leƙa cikinsu. Mai amfani da wata manhajar zai tarar da irin waɗannan maɓallan da wasu sunaye.

Mataki na ɗaya: ku bi sawun littafi guda

Kafin ku taɓa saiti ko ɗaya, ku ɗauki takarda da biro ku bi littafi guda tun daga lokacin da aka neme shi a katalog, wato jerin littattafan laburare, har ya koma kan kanta. Duk inda sunan mutum ko lambar katinsa ya haɗu da sunan littafi, ku rubuta wurin.

Yawancin ma'aikata suna zaton wuri ɗaya ne, wato shafin da ke nuna tarihin aro. Da kun fara lissafi za ku ga abin ya wuce haka. Akwai kalmomin da mutum ya bincika yana cikin asusunsa. Akwai layin jira, inda ya nemi a kama masa littafin da ke hannun wani. Akwai aron kansa da sabunta shi. Akwai tarar da aka ci shi don ya makara, wadda galibi take ɗauke da sunan littafin, kuma tana zama a asusun kuɗi ko bayan an biya. Akwai saƙon tuni da aka tura ta imel ko waya, wanda manhaja ke riƙe kwafinsa. Akwai rajistar ayyukan ma'aikata da ke cewa wane ya ba wane littafi kaza da ƙarfe kaza. Akwai rumbun ƙididdiga, da takardar neman aro daga wani laburaren, da shawarar da mutum ya bayar a sayo wani littafi, da littafin da ake sa hannu kafin a hau kwamfuta. Sannan kwafin ajiya da ake ɗauka kowane dare, wanda duk waɗannan ke kwance a cikinsa.

Kada ku tsaya a manhaja. Ku tambayi kowane ma'aikaci ko ya taɓa fitar da rahoto zuwa Excel ya ajiye a kwamfutarsa ko ya tura wa wani ta imel. Amsar kusan kullum "eh" ce, kuma waɗannan fayilolin ba saitin da ke iya kai musu.

Ku kuma buɗe bangon baya na tsofaffin littattafanku. Kafin zuwan kwamfuta, a ɗakunan karatu da yawa ana manna ɗan aljihu a littafi da kati a ciki, kowane mai aro ya rubuta sunansa. Katunan nan ba su mutu ba. A 2015 jaridar Kobe Shimbun ta Japan ta buga hotunan irin waɗannan katuna daga laburaren wata makarantar sakandare, aka ga abin da wani shahararren marubucin ƙasar ya ara yana ɗalibi, kusan shekara hamsin kafin nan, har da sunayen wasu ɗaliban da ba ruwansu. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Japan ta ce an keta sirrin masu aro. Katunan sun fito ne daga littattafan da makarantar ke shirin zubarwa. Saboda haka duk littafin da zai bar hannunku, na sayarwa ko na kyauta, a zare katin a yayyaga.

Mataki na biyu: ku raba buƙatarku da sha'awarku

Yanzu ku bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowanne ku rubuta amsar tambayoyi biyu: me muke yi da wannan, kuma har yaushe muke buƙatarsa?

Wasu amsoshin a fili suke. Littafin da ke hannun mutum yanzu, dole ku san yana hannunsa. Tarar da ba a biya ba, dole ta zauna da bayaninta. Inda ake gardama shi ne bayan an dawo da littafi. Ma'aikata za su ce, to in muka buɗe shi bayan kwana uku muka tarar an yage shafi goma fa? Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma abin da take buƙata shi ne sunan mutum ɗaya, na ƙarshe da ya ara, na ɗan lokaci. Ba ta buƙatar sunayen duk waɗanda suka taɓa littafin shekara bakwai. Ku tsayar da wa'adi gwargwadon saurin da kuke duba littattafan da aka dawo da su. Wata guda ya ishi yawancin wurare. In aikinku ya yi yawa, wata uku. In kuka ji kuna neman shekara, to ba ɓarnar littafi kuke tsoro ba, wani abu ne daban, ku faɗe shi da sunansa a tattauna.

Hujja ta biyu ita ce ƙididdiga. Hukumar da ke ba ku kuɗi tana son sanin littafi nawa aka ara, wane fanni ya fi tafiya, yara nawa, manya nawa. Duk wannan ana samunsa ba tare da suna ba. Ana iya cewa an ari littafi kaza sau arba'in a shekara ba a san ko su waye arba'in ɗin ba.

Akwai kuma bayanan da ake tarawa don kawai fom ɗin rajista ya zo da gurbinsu: sana'a, jinsi, cikakkiyar ranar haihuwa, lambar katin ɗan ƙasa. In ba ku da abin da kuke yi da su, ku cire gurbin. In shekaru kawai kuke son sani don ku bambance yaro da babba, rukunin mamba ya wadatar.

Mataki na uku: tarihi ya kasance a kashe, sai wanda ya kunna da hannunsa

Wannan ita ce shawara mafi nauyi a cikin aikin, kuma a nan za ku fi shan suka. Wani zai ce, ai mutane sun saba da shafukan saye da na kallo da ke tuna musu komai, me ya sa laburare zai zama na daban? Ga dalilin.

Ma'aikatan laburare ba da ka suka ɗauko wannan tsoron ba. A 1987 aka bankaɗo cewa hukumar FBI ta Amurka tana da wani shiri na zagaya ɗakunan karatu, musamman na kimiyya da fasaha, tana neman ma'aikata su faɗa mata abin da mutanen ƙasashen da ke ɓangaren Tarayyar Sobiyet ke karantawa. A 2001, bayan harin 11 ga Satumba, aka kafa dokar USA PATRIOT, wadda sashenta na 215 ya sauƙaƙa wa hukuma karɓar bayanan da cibiyoyi ke riƙe da su, har mutane suka riƙa kiransa sashen laburare. A 2005 wata gamayyar ɗakunan karatu a jihar Konetikat mai suna Library Connection ta sami wasiƙar tsaron ƙasa da ke neman bayanan wanda ya yi amfani da wata kwamfuta, tare da umarnin kada su faɗa wa kowa an tambaye su. Mutum huɗu daga cikin shugabanninta suka kai ƙara, sai a 2006 aka janye takunkumin suka iya buɗe baki. Darasin da ɗakunan karatu da yawa suka ɗauka a waɗannan shekarun mai sauƙi ne: abin da ba ya hannunka, ba mai tilasta maka ka miƙa shi.

Ba hukuma kaɗai ba ce ma. Wanda ya ari littafi kan cutar da yake ɓoyewa, ko kan saki, ko bashi, ko yadda ake barin gidan da ake dukan mutum, ba jami'in tsaro yake tsoro ba. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi yake tsoro, wanda ya san kalmar sirrinsa. Irin wannan mutumin ba zai zo ya ce muku "ku kashe min tarihi" ba, domin bai ma san akwai shi ba. Amma mai son tarihin zai zo ya nema. Shi ya sa nauyin neman ya kamata ya hau kan mai so.

Ƙa'idojin sana'ar ma nan suka karkata. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta sa rufin asirin mai karatu cikin ƙa'idojin aikinta tun 1939, a 2019 kuma ta ƙara sashe na bakwai kan sirri a kundin haƙƙoƙin masu amfani da laburare. Jihohi 48 na ƙasar suna da dokar da ta kare bayanan aro. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, ta fitar da matsayarta kan sirri a 2015. A Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, ta kuma ba shi damar ganin abin da aka ajiye game da shi da neman a goge. Ku nemi dokar ƙasarku ku karanta kafin ku tsayar da wa'adi, domin akwai wuraren da dokar adana takardun gwamnati ke tilasta riƙe wasu bayanan kuɗi na wasu shekaru.

Banda ɗaya da na yarda da shi: masu karatun da ba sa iya fitowa, waɗanda ma'aikaci ke zaɓar musu littattafai ya kai musu gida. Su ba yadda za a yi musu hidima ba tare da an san abin da aka riga aka kai ba. Ko su ɗin, a tambaye su, a rubuta amincewarsu.

Mataki na huɗu: ku shiga saiti

A Evergreen aikin bai da yawa, domin tun asali haka aka gina ta. Mai karatu ne ke shiga asusunsa, ya je wurin zaɓuɓɓuka, ya kunna ajiye tarihin aro ko na layin jira, kuma daga ranar da ya kunna lissafi ke farawa. Yana iya sauke jerin a fayil. Abin da ya rage muku shi ne ku tabbata aikin da ke tsufar da tsofaffin bayanan aro, wato ya cire sunan mai aro ya bar ƙididdiga, yana gudana a kan wa'adin da kuka tsayar.

Koha ta fi buƙatar natsuwa. Ga yadda za ku bi.

Da farko ku ƙirƙiri asusun bogi, ku sa masa suna irin "Ba Suna", ku ɗauki lambarsa ta cikin manhaja ku zuba a saitin AnonymousPatron. Ku lura, lambar mamba ta ciki ake nufi, ba lambar kati ba, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Duk aron da aka raba da mai shi, kan wannan asusun ake jingina shi, shi ya sa ƙididdigarku ba ta raguwa. In gurbin nan ya zauna fanko ko aka sa lambar da babu ita, gogewar ba za ta yi aiki yadda ya kamata ba. Kada kuma wani ya zo yana share tsofaffin asusu ya haɗa da shi.

Sai ku kunna opacreadinghistory, wanda ke bari mai karatu ya ga tarihinsa a katalog, da OPACPrivacy, wanda ke ba shi zaɓi uku: a ajiye har abada, a bi tsarin laburare, ko kada a ajiye sam, wato da ya dawo da littafi a raba sunansa da shi nan take. A shafin kuma akwai maɓallin da zai goge duk abin da ya taru a lokaci guda.

Zaɓin tsakiyar nan shi ne tarkon. "Tsarin laburare" ba shi da ma'ana sai in kun sa ƙaramar manhajar batch_anonymise.pl a jadawalin ayyukan da babbar kwamfutarku ke yi da kanta, kun kuma faɗa mata kwana nawa. In ba ku sa ba, wanda ya zaɓi tsarin laburare da wanda ya zaɓi har abada duk ɗaya suke, bambancin kawai shi ne na farkon yana zaton ana goge masa. In wani kamfani ne ke kula muku da manhajar, ku rubuta masa ku tambaya ko aikin na gudana da kuma kwanakin da aka sa, ku karɓi amsar a rubuce.

Daga nan ku shiga rukunonin mambobi. Kowane rukuni yana da zaɓin sirrin da sabon mamba ke farawa da shi. Ku mayar da shi kan tsarin laburare ko kan kada a ajiye. Wannan sababbi kawai yake shafa. Tsofaffin mambobi suna nan kan abin da suke kai, don haka kafin ku goge abin da ya taru, ku sanar da su, ku ba su makonni su shiga su zaɓa. Akwai mutanen da jerin shekara goma na abin da suka karanta yake da daraja a wurinsu kamar kundin hotuna, kuma gogewar ba ta da gyara.

Saura uku ƙanana. StoreLastBorrower yana riƙe sunan wanda ya dawo da littafi na ƙarshe ko da an goge sauran; shi ne maganin matsalar yagaggen shafi, amma ku sani littafin da ba a cika aro ba zai iya riƙe sunan mutum shekaru, kuma irin waɗannan littattafan su ne sau da yawa masu nauyin. CheckPrevCheckout yana faɗakar da ma'aikaci cewa wannan mutumin ya taɓa aron wannan littafin, abin da tsofaffin masu karatu ke matuƙar so, sai dai ba ya aiki in babu tarihi. EnableOpacSearchHistory kuma shi ke ajiye kalmomin bincike. In ba wanda ya nema, ku bar shi a kashe.

Mataki na biyar: ku tabbata gogewar ta gaskiya ce

Ku koma takardar mataki na ɗaya. Cire suna daga tarihin aro bai taɓa rajistar ayyuka ba, bai taɓa kwafin saƙonnin da aka tura ba, bai taɓa rumbun ƙididdiga ko na mambobin da aka cire ba. Ana iya goge tarihin mutum tas, a buɗe rumbun saƙonni a karanta "muna tuna maka littafi kaza zai cika gobe" guda ɗari da sunansa. An yi ba a yi ba ke nan. A Koha, cleanup_database.pl ce ke share waɗannan, kowanne da nasa adadin kwanakin, kuma ita ma sai an sa ta a jadawali.

Kwafin ajiya ba a buɗe shi a ciro mutum ɗaya. Maganinsa shi ne ya riƙa juyawa: sabo ya shigo, mafi tsufa ya fita, a kulle su da lambobin sirri, a san mutum nawa ke da mabuɗi. In kuna riƙe kwafin wata shida, to gaskiyar magana gogewarku tana kammala ne bayan wata shida, kuma haka ya kamata ku faɗa wa mutane.

Batun ƙididdiga yana da wata kwana. Cire suna ba kullum yake ɓoye mutum ba. Mai bincike Latanya Sweeney ta nuna a 2000 cewa kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen Amurka ana iya gane su da abu uku kacal: lambar yankin gidan waya, jinsi, da ranar haihuwa. A ƙaramin laburare abin ya fi muni. In rahotonku ya ce wani malami a sashe kaza, ɗan shekara sittin da biyu, ya ari littafi kan cutar mantuwa, kuma malami ɗaya ne mai waɗannan shekarun a sashen, to kun rubuta sunansa ne da wasu haruffa. Ku riƙa tattara shekaru a rukuni, ku bar bayanai kaɗan a jikin kowane aro, kuma duk rukunin da mutanensa ba su kai goma ba ku haɗa shi da na kusa kafin rahoto ya fita.

Mataki na shida: idon ma'aikata da kantar jira

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi yawa ba a kwamfuta take ba. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da kalmar sirrinsa, a daina shiga da suna ɗaya a tebur. A Koha saitin intranetreadinghistory ne ke yanke ko ma'aikata za su ga tarihin mamba; in mai karatu ya ajiye don kansa ne, ba dalilin da zai sa ɗan aikin wucin gadi ya gani. Ikon fitar da rahoto kuma a taƙaita shi ga mutum biyu ko uku. Wanda ya bar aiki, a rufe asusunsa ranar.

A juya fuskar kwamfutar tebur yadda na bayan layi ba zai karanta ba. In kuna da kantar da mutane ke ɗaukar littafin da aka kama musu da kansu, kada a rubuta cikakken suna a jiki. 'Yan haruffa da ƙarshen lambar kati sun isa, a kuma juya bangon ciki. Rasit kada ya ɗauki suna da jerin littattafai tare, domin mutane na mantawa da shi a cikin littafin su dawo da shi. In kun kira waya wani ya ɗauka, "littafin da aka nema ya iso" kawai za ku ce.

Asusun yara sai kun zauna kun yanke, dokoki sun bambanta a kansa. Uban da zai biya kuɗin littafin da ya ɓata yana da hujjar sanin wane littafi ne. Wannan daban yake da ba shi jerin duk abin da ɗan shekara goma sha shida ya karanta. Koha tana da saitin da ke bari wanda ke ƙarƙashin wani ya zaɓi ko mai kula da shi zai ga abin da ya ara. Duk abin da kuka yanke, a faɗa wa yaron da iyayen ranar rajista.

Mataki na bakwai: kamfanonin da kuka jingina da su

Kuna iya gyara gidanku tsaf, bayanan su fita ta taga. A Oktoban 2014 aka gano manhajar Adobe Digital Editions ta huɗu, wadda masu aron littattafan lantarki da yawa ke karatu da ita, tana aika wa kamfanin bayanin littafin da ake karantawa da shafukan da aka buɗe, a fili ba tare da an lulluɓe su ba. A Amurka, wanda ya zaɓi karanta littafin aro a Kindle, na'urar karatu ta kamfanin Amazon, ta asusunsa na Amazon yake karɓa, daga nan dokokin kamfanin ne ke aiki ba na laburare ba.

Ku jera duk wanda ke taɓa bayanan mambobinku: mai littattafan lantarki, mai tura saƙon waya, mai kawo hotunan bango a katalog, mai ƙirga maziyarta shafi. Ku buɗe kwangilar kowanne ku nemi amsar abu huɗu: me yake karɓa, har yaushe yake riƙewa, wa yake ba, me zai faru da bayanan in kun rabu. Katalog ɗinku ya kasance a kan https, wato hanyar intanet mai lulluɓe bayanai. Na'urorin da mai karatu ke aron littafi da kansa da kuma kamfanonin waje galibi da ƙa'idar SIP2 suke magana da manhajarku, ita kuwa a karan kanta ba ta lulluɓe komai, don haka sai mai kula da na'urorinku ya bi da ita ta rufaffiyar hanya. Inda ba ku da ikon canza komai, ku rubuta gargaɗi a daidai maɓallin da zai fitar da mutum daga shafinku.

Mataki na takwas: abin da za ku faɗa, da wanda za ku faɗa wa

Mai karatu ba ya buƙatar shafi biyar na yaren lauyoyi. A wurin da zai kunna tarihin, ku rubuta masa abu kamar haka: "In ka kunna wannan, za mu ajiye jerin littattafan da ka ara daga yau. Duk wanda ya shiga asusunka zai gani, kuma kotu na iya umartar mu miƙa shi. Kana iya gogewa a kowane lokaci." Jimla ta biyun ce ake yawan tsallakewa, ita ce kuma ta sa zaɓin ya zama zaɓi.

Ga wanda ke son tarihin amma yana ɗari-ɗari, ku nuna masa hanyar tsakiya: ya riƙa sauke jerin zuwa na'urarsa duk bayan 'yan watanni sannan ya goge na wurinku, ko ya buɗe jeri na kansa a katalog ya zuba abin da yake son tunawa kawai, ya bar sauran su wuce. Ɗalibai kuma manhajar tattara madogara irin Zotero ta fi musu amfani nesa ba kusa ba, tunda tana riƙe har da shafi da abin da suka rubuta a kai.

Mai tambaya na biyu fa, in ya zo? Ku rubuta ƙa'ida ɗaya da ko sabon ma'aikaci zai iya haddacewa: ba a ba kowa bayanin wani a tebur, kowa ne shi, a tura shi wurin shugaban laburare. Shugaban ya karɓi takardar, ya tabbatar daga kotu take, ya nuna wa lauya, ya bayar da iya abin da aka ambata, ya rubuta rana da abin da ya fita. Kuma da zarar takarda irin wannan ta iso, kada kowa ya goge abin da ta shafa. A wurare da yawa wannan laifi ne babba. Gogewar da ke kare ku ita ce wadda jadawali ke yi kullum tun kafin kowa ya tambaya.

Mataki na tara: gwaji

Ku buɗe asusun gwaji uku, ɗaya a kan kowane zaɓi. Kowanne ya bincika wani abu, ya shiga layin jira, ya ari littafi, ya makara har a ci shi tara a tura masa saƙo, ya biya, ya dawo da shi. Bayan wa'adin da kuka tsayar ya cika, ku sa wanda ya fi kowa sanin rumbun bayananku ya zauna da sunayen uku da lambobinsu, ku ce masa ya nemo abin da kowannensu ya ara ta kowace hanya da ya sani. Na farkon ya kamata ya samu nan take. In ya samo na biyu ko na uku, ku tambaye shi inda ya bi, ku ƙara wurin a takardar mataki na ɗaya, ku sa masa wa'adi. Ku maimaita gwajin duk lokacin da aka sabunta manhajar ko kuka ɗauki sabon kamfani, domin sabuntawa kan zo da sababbin rumbuna, wani lokacin ma da saitin da ya zo a kunne.